Ungulu Biyu, Mutuwa Iri Biyu: Ta Indiya Da Ta Kwatar Garinmu

Kamar kullum, ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan uwa masu cewa data ba ta isarsu su saurara, da kuma waɗanda suka fi gane karatu. Na ɗan gyara wasu wurare, amma yawanci yadda na faɗa haka na rubuta.

Yau za mu ɗan sauka daga layin da muka saba. Maganar ungulu za mu yi. E, ungulu dai da kuka sani. Na san wani zai ce, "Malam, duk abin da ke damun mutane ka rasa abin magana sai ungulu?" Ka yi haƙuri ka biyo ni, in mun gama ka ga ɓata lokaci ne sai ka faɗa min.

Ga abin da ya jawo maganar. Kwanaki aka ba ɗan yayata, yaro ɗan shekara tara, aikin gida a makaranta, wai su kawo karin magana biyar masu sunan tsuntsu. Ina taya shi, na ce ya rubuta "ungulu ba ta jewar banza", ya ƙara da "ungulu da kan zabo". Sai ya ɗago kai ya ce, "Kawu, wai ita ungulun nan akwai ta da gaske, ko irin su dodo ce ta cikin tatsuniya?" Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Don ni ɗin nan da ban cika shekara talatin ba, na tashi na ga ungulaye jere a kan katangar kwatar garinmu, ka jefe su ko gezau, sai dai su ɗan matsa. Yanzu ga yaro a gida ɗaya da ni yana tambaya ko akwai ta.

Washegari na bi ta kwata. Na gaida wani dattijon mahauci da ya san ni tun ina ƙarami, na ce, "Baba, ina ungulayen da ke cika wurin nan?" Ya ajiye wuƙa ya ce, "Ɗana, ai ka zo da tambaya. Da sai mun kore su kafin mu shimfiɗa fata. Yanzu in ɗaya ta yi kuskuren sauka, kafin la'asar wani ya zo yana tambayar nawa za a kama masa ita."

Daga nan na shiga karance-karance, sai na tarar ashe akwai ƙasar da ta riga mu shiga wannan ramin, wato Indiya. Shi ya sa yau zan ajiye muku ungulu biyu gefe da gefe. Ta farko ita ce ungulun Indiya mai farin baya, wadda masana ke kira Gyps bengalensis. Ta biyu ita ce tamu ta kwata da bola, sunanta a wurinsu Necrosyrtes monachus. Dukansu ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke neman ƙarewa, ta saka su a mataki na ƙarshe kafin a ce babu su a daji. Ta Indiya ta shiga wannan matakin a shekarar 2000, tamu ta shiga a 2015.

Kafin wani ya ce ai ungulu ba ta farauta, me ya haɗa ta da tsuntsaye mafarauta? To a lissafin masana, ungulayen Afirka da na Asiya dangi ɗaya suke da shaho da shirwa da gaggafa. Ka duba bakinta mai lanƙwasa, ka duba irin ganin da take yi daga sama. Ita dai ta bar kisa ta koma jiran wanda ya mutu, shi kenan bambancin.

A jiki kuwa ba su yi kama sosai ba. Ta Indiya babba ce, nauyinta kan kama daga kilo uku da rabi har ya haura bakwai, in ta buɗe fukafukai faɗinsu ya kai mita biyu ko ya wuce. Wuyanta dogo ne marar gashi, saboda kai take zurawa cikin cikin mushe. Kuma da taro suke ci. In garkensu ya sauka kan mushen saniya, ƙasa da awa ɗaya sai ƙashi. Tamu kuwa 'yar ƙarama ce a cikin ungulaye, ba ta cika wuce kilo biyu da rabi ba. Bakinta siriri ne, ba zai iya farka fatar sa ba, sai dai tsince-tsince: guntun hanji, jini da ya daskare, naman da ya maƙale a tsakanin ƙashi, kashin mutum a bayan gari, har gara da shinge in sun fito. Waɗanda suka san ta za su tuna fuskarta takan yi ja in ta ga abinci ko ana rigima. Wato ta Indiya mai kwashe gawa ce, tamu kuma mai shara ce.

Inda suka yi tarayya, kuma a nan matsalar take, shi ne haihuwa. Kowacce ƙwai ɗaya take yi a shekara, ba kamar zabo ba. Tamu takan kwanta a kan ƙwan nan wajen kwana 50, ɗan kuma ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi, bayan nan ma iyaye su ci gaba da ciyar da shi. Shi ma sai ya yi shekaru kafin ya fara nasa ƙwan. To ka lissafa. Tsuntsun da ke haihuwa haka, Allah Ya yi shi ne ya daɗe a duniya. In ka fara kashe manyan, babu ta yadda ƙananan za su cike gurbin.

Bari mu fara da Indiya, don labarinsu kamar fim yake.

A shekarun 1980, ana ɗaukar ungulu mai farin baya a matsayin babban tsuntsun wannan dangi da ya fi kowanne yawa a duniya. Miliyoyi ne barkatai. Dalili a fili yake. Indiya tana da shanu da ɓauna kimanin miliyan 300, kuma mafi yawan mabiya addinin Hindu ba sa cin naman saniya. In ta tsufa ta mutu, masu jima su feɗe fatar, a bar sauran a fili. Ungulu ta samu gidan abinci kyauta, gari kuma ya samu masu kwashe mushe da ba a biyansu albashi.

A ƙarshen shekarun 1990, wani masani mai suna Vibhu Prakash, na ƙungiyar nazarin halittu ta Bombay, ya lura cewa ungulayen da yake ƙirgawa a gandun Keoladeo da ke jihar Rajasthan suna ɓacewa. Sai a ga tsuntsu zaune a reshe wuyansa ya langaɓe, bayan ɗan lokaci ya faɗo matacce. Aka yi ta zargi. Wasu suka ce wata sabuwar cuta ce mai yaɗuwa, wasu suka ce maganin ƙwari ne. Shekaru aka yi ana lalube, ungulu kuma tana ta zuba.

Amsar daga Pakistan ta fito. Wani likitan dabbobi Ba'amurke, Lindsay Oaks, tare da abokan aikinsa, suka feɗe matattun ungulaye 259, suka tarar kashi 85 cikin 100 ƙodarsu ce ta lalace, har wani farin abu kamar alli ya lulluɓe kayan cikinsu. Sai suka canja tambaya: me ake ba dabbobin da ungulu ke ci? Suka bi shagunan maganin dabbobi, suka ci karo da diklofenak. Mujallar Nature ta buga sakamakon a 2004.

Diklofenak ɗin nan fa kun san shi. Shi ne wanda ake ba mutum in gwiwa ko baya na ciwo, yana nan a kemis ɗin unguwarku. A farkon shekarun 1990 ya yi araha a Indiya, makiyaya suka fara yi wa shanu allurarsa, kuma yana aiki. Saniya mai ɗingishi ta miƙe. Amma in ta mutu cikin 'yan kwanaki bayan allurar, maganin yana nan a jikinta. Ungulun da ta ci, ƙodarta ta tsaya, cikin kwana biyu zuwa uku ta mutu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lissafin da aka yi daga baya. Ba sai kowane mushe ya zama mai magani ba. An gano cewa ko da ƙasa da mushe ɗaya cikin ɗari ne ke ɗauke da shi, ya isa ya jawo duk wannan ɓarnar. Me ya sa? Saboda cin taron da na faɗa muku. Saniya ɗaya, ungulu sama da ɗari. Kuma kowace ungulu tana cin mushe da dama a shekara, ko ba yau ba za ta faɗa kan mai guba. Tsakanin 1992 da 2007, ungulu mai farin baya ta ragu da kashi 99.9 cikin 100 a Indiya. A bar maganar kashi: cikin kowace dubu, ɗaya ta rage. A shekara 15 kacal.

To sai me ya biyo baya? Mushe ya fara ruɓewa a fili da bakin ruwa. Karnukan da ba su da mai su suka samu abinci suka ninka, ga ɓeraye. Ita ungulu ruwan cikinta yana da tsananin tsami, yana ƙone yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, kuma in ta ci ta tashi sama abinta. Kare kuwa in ya ci, cikin unguwa zai dawo, wurin yara. Indiya dama ita ce kan gaba a duniya wajen mutuwa da ciwon haukan kare. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka kwatanta gundumomin da a da suke da ungulu da waɗanda dama ba su da ita, kafin ɓacewar da bayanta. Suka ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ƙiyasi ne na lissafi, ba gawa aka bi aka ƙirga ɗaya bayan ɗaya ba, wannan a riƙe shi. Amma ko ka raba shi biyu, ka sake rabawa, abin ya isa tashin hankali.

Har addinin wasu abin ya taɓa. Akwai al'ummar Farsi a birnin Mumbai, mabiya addinin Zoroasta, waɗanda ba sa binne mamaci kuma ba sa ƙona shi. A kan wata hasumiya suke ajiye gawa, ungulu ta cinye. Da ungulu ta ƙare, sai da suka koma kafa madubai masu tara zafin rana don gawa ta bushe.

Gwamnatoci sun motsa, kuma a ganina da sauri. A 2006, shekara biyu bayan fitowar binciken, Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da diklofenak a jikin dabbobi. Bangladesh ta biyo baya a 2010. Abin da ya sauƙaƙa shi ne an samu madadi, meloksikam, wanda aka gwada aka ga yana yi wa saniya aiki kuma ba ya kashe ungulu. Amma ɗan Adam ai ba ya rasa dabara. Da aka hana na dabbobi, sai mutane suka koma sayen manyan kwalaben na mutane suna ɗura wa shanu. Sai a 2015 Indiya ta ce kwalbar allurar mutane kada ta wuce mililita 3, don ya zama sai ka fasa kwalabe da yawa kafin ka yi wa saniya ɗaya. A 2023 kuma suka ƙara hana wasu magunguna biyu masu irin wannan illar. A Pinjore da ke jihar Haryana akwai cibiyar da ake kiwon ungulu a keji tana hayayyafa, an kuma fara sakin wasu. A Nepal har wurin cin abinci aka buɗe musu: a karɓi tsofaffin shanu daga manoma, a kula da su ba tare da mugun magani ba, in sun mutu a ba ungulu. A Nepal ɗin adadin ya fara ɗagowa. A Indiya zubar ta tsaya, sai dai har yau 'yan kaɗan ne idan aka tuna da da.

Yauwa. Yanzu mu dawo gida.

Tamu ba faɗuwar dare ɗaya ta yi ba, zarewa ta riƙa yi a hankali, shi ya sa ba mu farga ba. Wani Bafaranshe masanin tsuntsaye, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar a mota yana ƙirga tsuntsaye tsakanin 1969 da 1973. Bayan shekara talatin, a 2003 da 2004, ya sake bin hanyoyin nan dai. Manyan ungulayen daji ya tarar sun kusa ƙarewa ƙaf a wajen gandun da ake tsaro. Ta gari, wato tamu, ta ragu da kusan rabi. Duk da haka har zuwa 2011 sunanta yana cikin tsuntsayen da ake cewa babu damuwa a kansu. A shekarar aka ɗaga ta zuwa masu haɗari, bayan shekara huɗu aka kai ta matakin ƙarshe. Wani babban bincike da Darcy Ogada ta jagoranta, wanda ya tattara bayanai daga ƙasashen Afirka da dama, ya ƙiyasta raguwarta da kashi 83 cikin 100 a tsawon zuriya uku, wato kimanin shekara hamsin.

Wannan binciken ya kuma duba me ke kashe ungulayen Afirka gaba ɗaya. Cikin mace-macen da aka rubuta, kashi 61 guba ce, kashi 29 kuma cinikin sassan jiki ne don magani da tsafi. Ka haɗa, tara cikin goma kenan.

Gubar iri-iri ce. A gabashi da kudancin Afirka, makiyayi ne zaki ko kura ta kashe masa saniya, sai ya barbaɗa wa ragowar maganin ƙwari irin su kabofuran don ya rama, ungulu ta riga kurar zuwa. Akwai kuma masu kashe giwa don haure. Su da gangan suke yi, domin jewar ungulu a sama ita ke nuna wa masu tsaron daji inda aka yi ɓarna. Kun ga karin maganar nan tamu, ungulu ba ta jewar banza, ita ce ta zame mata ajali. A watan Yunin 2019 a Botswana, ungulu 537 suka mutu a kan mushen giwa uku.

Mu a Afirka ta Yamma, namu ya fi karkata ga kasuwa, kuma a nan ne maganar ba ta da daɗi. Ana sayen kan ungulu, da ƙafa, da gashi, da ƙwai, wani lokaci ma da ranta. Wai maganin hauka, wai na farfaɗiya, wai na sa'ar kasuwa ko caca ko takara, wai tunda tana hango mushe daga nesa to mai amfani da kanta zai hango abin da ke tafe. Binciken da aka yi a kasuwannin yankin ya nuna Najeriya ce kan gaba nesa ba kusa ba a wannan ciniki, Benin na biye. Wani da Yohanna Saidu da Ralph Buij suka yi a kasuwannin arewacin Najeriya, aka buga a 2013, ya tarar mafi yawan sassan da ake sayarwa na wannan ungulun tamu ne, kuma 'yan kasuwar da kansu sun ce wasu daga maƙwabta ake kawowa, irin su Nijar da Chadi da Kamaru. Ma'ana mun cinye ta gida, mun tsallaka ta maƙwabta.

Mafi muni da aka taɓa gani ya faru a Gini Bisau a farkon 2020, a yankunan Bafata da Gabu. Ungulu sama da 2,000 aka kashe da guba, da yawansu an tarar an sare kawunan. Ba a taɓa rubuta kisan ungulu mai yawan wannan ba a duniya. Gini Bisau da Gambiya kuwa suna cikin 'yan wuraren da suka rage inda har yanzu za ka ga ungulu tana yawo a gari kamar yadda muka sani da.

Wani abu da nake so mai saye ya tsaya ya yi tunani a kai: da yawa daga cikin tsuntsayen nan da guba ake kama su. Kan da aka daka aka ba mara lafiya ya sha, na tsuntsun da maganin ƙwari ya kashe ne. Ka kawo ɗan uwanka neman sauƙi, an haɗa masa da abin feshin gona. In wannan ba ungulu da kan zabo ba ne, to mene ne?

Don adalci, ba duka laifin ke kan masu magani ba. Ungulu a dogayen bishiyoyi take sheƙa, irin su rimi da maɗaci da giginya da tsamiya. Muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, to ina tsamiyar? Ta zama gawayi, filin kuma an yanka fulotai. Sannan abincin ma ya ragu. A kwata yanzu ba a zubar da komai: jini ana dafawa a yi abincin kaji, ƙashi ana sayarwa, fata ta zama ganda. Inda aka gina mayanka ta zamani mai rufi kuma ba ta da wurin sauka. Wannan ci gaba ne, ba na kuka da shi, amma yana cikin lissafi.

To in ka ajiye su biyun, me za ka gani? Ni abin da na gani shi ne, a Indiya babu wanda ya nufi ungulu da sharri. Manomin da ya yi wa saniyarsa allura tausayinta ya ji. Ba ya samun ko sisi daga mutuwar ungulu, don haka da aka ce masa ga wani maganin, ba shi da dalilin yin gardama in dai kuɗin bai fi ƙarfinsa ba. Maƙiyin guda ɗaya ne, yana da suna, yana cikin kwalba, ana yin sa a masana'antar da gwamnati ta san adireshinta. Duk da haka ka ga shekarun da aka kwashe ana toshe ɓaraka.

Namu kuwa akwai mai nema, akwai mai kamawa, akwai dillali, akwai mai tsallaka iyaka da ita, kowa yana cin abinci. Kuma ga mugun abu: duk sanda ta ƙara wuya, kuɗinta ƙaruwa yake, wanda ke nufin ungulu ta ƙarshe ita za a fi nema ruwa a jallo. Ƙari a kan haka, sabon da ta yi da mutum shi ya cuce ta. Tsuntsun da zai sauka taku biyar daga inda kake, kama shi ba aiki ba ne. Doka kuwa akwai ta. Najeriya tana da dokar kare halittu masu haɗarin ƙarewa tun 1985, an yi mata gyara a 2016. Amma ku faɗa min tsakani da Allah, wa ya taɓa ganin an tsayar da mai shimfiɗa a kasuwa saboda kan ungulu? Shi ya sa a ganina tamu ta fi wuyar ceto, duk da cewa ta Indiya ta fi ta faɗuwa warwas.

Akwai kuma maganar daraja. A wurin Hindu akwai Jatayu, ungulu ce a cikin labarin Ramayana da ta ba da ranta wajen kare Sita, sunanta ma aka sa wa cibiyar Pinjore. Mu kuwa in aka ce maka ungulu, zagi ne: ƙazanta, kwaɗayi, sanƙo. Da wuya ka tara mutane su tausaya wa abin da suke zagi da shi.

Kar kuma in yi muku ƙari. Ba zan ce abin da ya faru a Indiya zai faru a nan daidai wa daida ba. Mu muna cin shanunmu, saniya in ta kwanta ana rige-rigen yanka ta kafin ta zama mushe, don haka ba mu da tulin gawar da suke da shi. Amma jaki fa? Doki fa, da karen da mota ta buge, da dabbobin da fari ko ambaliya ko annoba ke kashewa a daji, da tarin ƙazantar bayan kwata? Je ka duba wa ke kansu yanzu. Karnuka ne da ƙudaje, kuma ciwon haukan kare yana nan a ƙasar nan bai tafi ko'ina ba.

Kuma darasin diklofenak bai wuce mu ba. A dazukanmu akwai 'yan uwan ta Indiya na jini, manyan ungulaye biyu na dangin Gyps. Ɗaya ita ce mai farin baya ta Afirka, wadda aka gwada a Afirka ta Kudu aka tabbatar diklofenak yana kashe ta kamar yadda yake kashe ta Indiya. Ɗayar ita ce ta Ruppell, wadda tsofaffin ƙamus na Hausa suka ba sunan maiki ko mikiya. Ita ce fa a 1973 ta yi karo da jirgin sama a saman Abidjan a tsayin mita 11,300, har yau ba a tabbatar da tsuntsun da ya kai nan ba. Su biyun ma suna matakin ƙarshe a lissafin IUCN. A ƙasar da kowa likitan dabbarsa ne, ka shiga kasuwar ƙauye ka sayi allura ba takarda, wannan abin lura ne. Ko Turai ba ta tsira ba: Sifaniya ta halatta maganin ga dabbobi a 2013, kuma an tabbatar ya kashe wata ungulu a can a 2020. Don haka 'yan uwa masu karatun likitan dabbobi da masu shagon magani, in akwai meloksikam a ba da shi.

Akwai masu ƙoƙari. Gidauniyar NCF ta Najeriya ta daɗe tana zama da ƙungiyoyin masu maganin gargajiya, ana neman su koma ga itatuwa a madadin sassan ungulu, kuma wasu sun karɓa. Ni na fi yarda da wannan hanyar a kan kame, don mai maganin da ya daina da kansa zai hana almajiransa, wanda aka kama kuwa ɓoye hajar kawai zai yi. A Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke horar da matasa. Asabar ta farko a watan Satumba kuma ita ce ranar ungulu ta duniya, ga masu neman lokacin shirya wani abu a makaranta ko a unguwa.

Ni dai ga abin da nake roƙo a wannan makon, kuma ba ya cin kuɗi. Duk wanda ya karanta, ya rubuto mana sunan garinsu da shekarar da ya yi wa ungulu ganin ƙarshe. In har yanzu akwai ta a wurinku, ku faɗi jiha ko yanki kawai. Don Allah kar wanda ya rubuta unguwa ko bishiyar da take sheƙa, ba mu san wa ke karantawa ba. In kuma akwai mahauci ko makiyayi ko mai maganin gargajiya a gidanku, ku tambaye shi yaushe ya fara lura sun ragu, ku kawo mana abin da ya ce. Zan tattara in karanto a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.

Shi kuwa ɗan yayata, na nuna masa hotonta a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kawu, to yaushe za ka kai ni in ga ta gaske?" Na ce masa ya bari in tambaya tukuna.

Sai mun haɗu. Wassalamu alaikum.